Daga Dubai zuwa Gwanzu: awa nawa ne a sama, kuma me ya sa tikitin zuwa da na dawowa suka saɓa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan mujalla, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan wutar sola da batura a Katsina. Na daɗe ina sarin kaya ta hannun wasu, amma bana na ɗaura niyyar zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin da ƙafata a ƙarshen watan Oktoba, bayan na yada zangon kwana biyu a Dubai. Ejan ya turo mini tikiti, kuma abin da na gani ya ɗaure mini kai. A zuwa an rubuta tashi daga Dubai 10:20, sauka 22:05, wato kusan awa 12. A dawowa kuwa an rubuta tashi 00:15 ranar Talata, sauka 05:00, wato ko awa biyar ba a cika ba. Wani abokina ya ce juyawar duniya ce ke kawo haka, wani kuma ya ce lalle jirgin zuwa yana tsayawa a wani gari ba a faɗa mini ba. Don Allah mene ne ainihin nisan da ke tsakanin filayen jiragen biyu, kuma awa nawa zan yi a zaune?

Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya kuma sa albarka a kasuwa. Tikitinka ba shi da kuskure, kuma babu wani zango da aka ɓoye maka. A zuwa za ka yi awa 7 da minti 45, a dawowa kuma awa 8 da minti 45. Ka ga ke nan tafiyar da ka ɗauka ta fi gajarta ita ce ma ta fi tsawo.

Tushen ruɗanin shi ne kamfanonin jiragen sama a ko'ina cikin duniya suna rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, su rubuta lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Agogon Dubai yana gaba da namu da awa uku, agogon ƙasar Sin kuma yana gaba da namu da awa bakwai, saboda haka tsakanin Dubai da Gwanzu akwai ratar awa huɗu. Hanya mafi sauƙi da nake ba kowane matafiyi ita ce ya ɗauki biro ya mayar da duk lokutan da ke kan tikitinsa zuwa agogon Katsina. Ƙarfe 10:20 na safe a Dubai shi ne ƙarfe 7:20 na safe a gida, lokacin da yara ke shirin makaranta. Ƙarfe 22:05 a Gwanzu, wato goma da minti biyar na dare, shi ne ƙarfe 3:05 na rana a gida, kafin a kira la'asar. Daga 7:20 zuwa 3:05 awa bakwai ne da minti arba'in da biyar. Haka nan a dawowa, 00:15 a Gwanzu shi ne ƙarfe 5:15 na yamma a Katsina, 05:00 a Dubai kuma shi ne ƙarfe 2:00 na dare, kuma tsakanin waɗannan biyun awa takwas ne da minti arba'in da biyar. Wannan lissafi yana da wani amfanin daban, domin da shi ne iyalinka za su san lokacin da ya dace su saurari kiranka, ba sai sun kwana da waya a hannu ba.

Ratar awa huɗun nan ba haka kawai aka tsara ta ba. Duniya tana kammala juyi ɗaya na digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, kuma Gwanzu tana gabas da Dubai da kusan digiri 58, wanda idan aka raba shi da 15 zai ba da kusan huɗu. Abin lura kawai shi ne ƙasar Sin, duk da faɗinta, agogo ɗaya take bi tun daga gabashinta har yammacinta, wato agogon Beijing. Don haka idan harka ta kai ka Yiwu ko Shanghai daga baya, ba sai ka sake gyara agogo ba.

Game da nisa, tsakanin babban filin jirgin Dubai, wanda ake yi wa alama da DXB a tikiti, da filin Baiyun na Gwanzu, mai alamar CAN, akwai kimanin kilomita 5,800 idan aka bi mafi gajartar hanya. Don a kwatanta da abin da ka sani, daga Katsina zuwa Legas ta sama kilomita 850 ne ko kusa da haka, ke nan tafiyarka ta ninka wannan kusan sau bakwai. Idan ka duba intanet za ka iya cin karo da 3,600 a wani wuri, 3,150 a wani wuri, kada hakan ya sa ka zaci ƙarya wani ya yi. Na farko an auna ne da mil irin na ƙasa, wanda ya kai kilomita 1.6, na biyu kuma da mil na teku, mai kilomita 1.852, wanda shi ne ma'aunin da matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi. Alamar CAN kuwa ta samo asali ne daga Kanton, sunan da Turawa suka daɗe suna kiran birnin da shi, kuma har yau da wannan sunan aka san babban baje kolin da ake yi a can sau biyu a shekara tun 1957, ɗaya a Afrilu zuwa Mayu, ɗaya a Oktoba zuwa Nuwamba. Tafiyarka ta faɗo a tsakiyar na biyun, don haka ka sa ran cunkoso a filin jirgi da tsadar masauki.

Jirgin fasinja babba yana tafiyar kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Wanda ya raba 5,800 da wannan gudun zai sami awa shida da rabi ko bakwai, sai ya ce to ina sauran lokacin ya tafi? Wani ɓangare yana tafiya tun a ƙasa, domin lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda yake fake, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a ƙofar sauka. A fili mai hada-hada irin na Dubai, jirgi kan yi minti ashirin ko fiye yana rarrafe a layi kafin ya sami titin tashi. Hawa da saukowa ma ba a yin su da cikakken gudu. Sannan kamfanoni sukan ƙara 'yan mintuna a kan lissafinsu don ko an sami jinkiri kada a ce sun makara, shi ya sa wani lokaci za ka ji matuƙi ya sanar da cewa tafiyar awa bakwai ce da 'yan mintuna, alhali tikiti ya faɗi fiye da haka.

Wani ɓangaren kuma yana tafiya ne a kan hanyar kanta, domin jirgi ba ya bin layi miƙaƙƙe yadda mutum zai ja da rula. Da ma mafi gajartar hanya a kan duniya mai siffar ƙwallo ba ita ce ke bayyana a miƙe a kan taswirar bango ba. Idan ka sami ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora zare daga Dubai zuwa Gwanzu ka ja shi ya yi tsam, za ka ga ya ɗan lanƙwasa arewa, ya bi ta arewacin Indiya har ya gogi gindin duwatsun Himalaya. A aikace jirage suna bin hanyoyin sama da hukumomin kowace ƙasa suka shata, kuma a wannan tafiya yawanci ana ratsa Indiya da Bangaladash da Miyanma, a shiga ƙasar Sin ta kudu maso yammacinta. Ana kauce wa Himalaya da tudun Tibet ne saboda dalili na tsaro. Jirgi yana tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, inda iska ta yi ƙarancin da mutum ba zai iya numfashi ba sai da iskar da ake matsawa cikin jirgin. Idan wannan matsin ya zube, abin rufe hanci da ke faɗowa daga saman kujera yana ba da iskar 'yan mintuna ne kawai, wadda za ta isa matuƙi ya sauko da sauri zuwa kusan mita 3,000. To tudun Tibet shi kansa ya haura mita 4,000, ƙololuwar Everest kuma mita 8,849 ce, ka ga babu inda za a sauko. Ban da wannan, rikici tsakanin ƙasashe ko rufe sararin samaniyar wata ƙasa kan tilasta zagaye, ya ƙara lokaci ba tare da wani ya taɓa tikitinka ba.

Yanzu sai bambancin awa guda da ya rage tsakanin zuwa da dawowa, wanda shi ne na gaskiya. Abokinka da ya ambaci juyawar duniya ya yi kusa, amma ya kauce. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, kuma da a ce ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin jirgi ne, da mai tafiya yamma shi zai riga isa, domin garin da ya nufa zai taho ya tarye shi. Abin da tikitinka ya nuna akasin haka ne. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana juyawa tare da ita, kuma jirgi a cikin wannan iskar yake iyo. Misalin haka, idan kana cikin mota a hanyar Katsina zuwa Kano, direba yana gudun kilomita ɗari, ka jefa makulli sama, a tafin hannunka zai dawo, ba zai bugi gilashin baya ba.

Abin da ke kawo bambancin shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kwarara kamar kogi a can sama, daidai tsayin da jirage ke bi, daga yamma zuwa gabas. Haɗuwar zafin yankunan tsakiyar duniya da sanyin arewa, tare da juyawar duniya, ita ke haifar da ita, kuma ta nan ne kawai maganar abokinka ta sami gindin zama. A lokacin sanyi wannan iska tana bi ta saman Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin, kusan a kan hanyarka, kuma gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Gwanzu tana tura shi ta baya, mai dawowa Dubai kuma yana karo da ita gaba da gaba. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga gona da yamma a cikin iskar hunturu ya san bambancin bin iska da fuskantarta. Idan jirgi mai gudun 880 ya sami turin kilomita 70 kacal a matsakaici, to a zuwa yana cin ƙasa da gudun 950, a dawowa kuma da 810, kuma a kan nisa irin wannan hakan ya isa ya haifar da ratar kusan awa guda. Wani abin sha'awa shi ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da mu ma muke cikin damina, wannan iska takan koma arewa da Tibet, wata kuma ta taso daga gabas a saman Indiya, sai ratar ta ragu ƙwarai. Saboda haka idan wani ya ce maka shi awa takwas ya yi a dawowa, wataƙila da damina ya je.

Akwai abin da ya fi duk wannan lissafi muhimmanci a tikitinka, kuma shi ne 00:15 ɗin nan na ranar Talata. Wannan lokaci minti goma sha biyar ne bayan sha biyun daren Litinin, wato daren Litinin wayewar Talata. Dole ne ka bar masaukinka ranar Litinin da magariba, ka kasance a filin jirgi wajen ƙarfe tara na dare. Na taɓa tsayawa a layin awon kaya a bayan wani dattijo ɗan ƙasarmu, da manyan jakunkuna huɗu ɗaure da igiya, ya miƙa fasfonsa cikin natsuwa, ma'aikaciyar ta daddanna kwamfuta, ta ɗago kai ta ce masa jirginsa ya tashi tun daren jiya. Ya zaro takardar daga aljihun gaban rigarsa ya nuna mata ranar da yatsa, ita kuma ta nuna masa lambobi huɗun da ke gefenta. Bai yi gardama ba, ya ja jakunkunansa gefe ya zauna a kan ɗaya yana salati, kuma a ƙarshe sai da ya biya kuɗi mai yawa kafin a ba shi wata kujera. Abin da ya ba ni tausayi shi ne lissafin da ya gada daga gida ya isa ya kuɓutar da shi, domin a wurin malamanmu dare yana gaba da yini, shi ya sa daren Juma'a yake kamawa tun daga magaribar Alhamis. Ka ɗauki tikitinka da wannan ma'ana, wato daren Talata yana kamawa tun daga magaribar Litinin, ba za ka ɓata ba.

Ratar agogo tana shafar salla ma. Mai tafiya gabas yana taryen dare ne, don haka yininsa gajere ne. Wajen awa biyar bayan tashinka daga Dubai za ka ga rana ta faɗi ta taga, alhali agogon da ka saita a Dubai yana nuna wajen ƙarfe uku na rana. Azahar da la'asar da magariba za su zo maka a jere a gurguje, kuma abin dogaro shi ne ranar inda kake, ba agogon inda ka baro ba. Hukuncin haɗa salloli da ƙasaru sai ka tambayi malaminka tun kafin ka bar Katsina. A dawowa kuwa dare ne zai raka ka tun daga tashi har sauka, ka isa Dubai gab da asuba.

Ka kuma sani cewa awa 7 da minti 45 lokacin kujera ne kawai. Idan ka haɗa da awa ukun da ake so ka riga jirgi isa fili, da layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da tafiyar kusan kilomita 30 daga Baiyun zuwa tsakiyar gari, inda unguwannin Xiaobei da Sanyuanli da 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka suke, to daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki za ka ci awa goma sha uku ko fiye. Jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa har filin, sai dai ba ya kwana yana aiki, kuma mai saukar goma na dare da kaya niƙi-niƙi gara ya shirya wanda zai tarbe shi.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni da mahaifiyata za mu je Umra, kuma jirginmu a Jidda zai sauka, amma muna so mu fara da ziyarar Madina. An ce mana akwai jirgin sama tsakanin garuruwan biyu. Mene ne nisansu, kuma ya fi mana sauƙi a kan mota, ganin cewa ita tsohuwa ce mai ciwon gwiwa?

Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya karɓi ibada, ya ƙara wa Mama lafiya. Tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kilomita 320 ne da 'yan kai ta sama, kwatankwacin a je Kano daga Katsina a dawo. Tikiti yakan nuna kusan awa ɗaya, kuma babu ruɗanin agogo a nan, domin duk Saudiyya agogo ɗaya take bi, wanda ke gaba da namu da awa biyu. Ta mota kuwa tafiyar ta haura kilomita 400, awa huɗu zuwa biyar idan an haɗa da tsayawa.

Sai dai a gajeriyar tafiya irin wannan, awa ɗayan da ke kan tikiti ita ce mafi ƙanƙantar abin da za ku kashe. Zaman jira da awon kaya da bincike da karɓar kaya a Madina za su iya kai jimillar awa uku zuwa huɗu, kuma yawancinsu a tsaye ko a tafe ake yin su, abin da gwiwar Mama ba za ta so ba. Idan jirgin sama kuka zaɓa, ki nemi a rubuta mata keken guragu tun lokacin yankan tikiti, ba sai an isa fili ba. A ganina jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, shi ya fi dacewa da ku, domin yana da tasha a cikin filin jirgin Jidda, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma yana isa Madina cikin kimanin awa biyu, mutum yana zaune a wadace, yana iya miƙewa ya motsa ƙafa. Yana da iyaka a kan yawan kayan da fasinja zai shiga da su, don haka ki bincika wannan kafin ku ɗaure jakunkuna.

Makka ba ta da filin jirgin sama, saboda haka a komowa daga Madina jirgin sama Jidda zai sake sauke ku, ku ƙarasa da mota, alhali jirgin ƙasan yana shiga har Makka. Ko wanne kuka hau, miƙatin mutanen Madina, wato Zul Hulaifa, yana bakin garin ne, kuma cikin 'yan mintuna da tashi za a gifta shi, don haka ku yi wanka ku kintsa tun a masauki, ku ɗauki harami kafin a wuce wurin.